Babur ɗin Kallamu Tsakanin Taga Biyu

Da sunan Allah nake farawa, Masanin inda kowane bawa yake kwana da inda zai wayi gari. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan labarin Kallamu mahauci ne, mutumin Haɗeja, wanda muka zauna tare a Guangzhou daga shekarar 1997 zuwa ƙarshen 1999. Na rubuta shi ne saboda har yau idan na tuna abin da ya same shi a kan babur ɗinsa raina yakan ɓaci, kuma ina da hannu a cikin al'amarin.

Kallamu ya gaji fawa daga mahaifinsa, kuma ya yi shekara goma sha huɗu a kwatar Kano kafin ya taɓa shiga jirgin sama. Wani attajirin kasuwar Kwari ne ya zo da shi, a lokacin da 'yan kasuwarmu suka fara barin Bangkok suna gangarowa Guangzhou, domin ya dafa masa abinci ya kuma tsare masa kaya. Attajirin ya gama lodinsa a tashar jiragen ruwa ta Huangpu ya koma gida. Kallamu ya ce shi zai ɗan dakata, domin ya hango wata buƙata da ba wanda ya tsaya mata. Naman halal ba ya yankewa a shagunan 'yan'uwanmu Musulmin ƙasar da ke kusa da Masallacin Huaisheng, kuma ba mu taɓa zargin yankansu ba. Sai dai mutanenmu suna son akuya da kayan cikinta, da kai da ƙafa, a sassara ta yadda aka saba a gida, kuma mai niyyar sadaka yana so ya san hannun da ya riƙe wuƙar.

Ya yi ta bincike har ya gano wani mai garken awaki a wani ƙauye na ƙasar Nanhai, yamma da birni, ƙetaren kogi, ana ce masa Lawban Liang. Ba su jin harshen juna, da nuni suke ciniki, amma sun fahimci juna fiye da wasu abokan ciniki da na sani masu harshe ɗaya. Kullum bayan Asuba Kallamu yakan tafi can, ya zaɓi akuya biyu ko uku, ya fuskantar da su alƙibla ya yanka, ya feɗe, ya dawo unguwarmu ta Xiaobei kafin hantsi ya yi nisa. Babbar mai sayen namansa ita ce Hajiya Balkissa, 'yar Damagaram, wadda take tuƙa tuwo a wani ɗaki a hawa na goma sha ɗaya na benenmu. Rabin 'yan kasuwarmu a wurinta suke cin abincin rana.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ya ba arba'in baya, kuma ƙaramin yatsansa na hagu guntule ne tun yana koyon sana'a. Ba ya da yawan magana. Karatunsa bai wuce izu biyar ba, amma abin da aka faɗa masa sau ɗaya na addini ya riƙe shi ke nan, ba ya ƙara tambaya, ba ya kuma neman rangwame.

Ni kuwa na zo ne in tsaya wa ƙanena a kan sayen darduma da carbi, sai jama'a suka ɗora mini limancin wani ɗan ɗaki da muke taruwa a cikinsa a hawa na tara. A nan na fara lura da Kallamu. Wata rana ya shigo bayan mun idar da Azahar, ya tayar shi kaɗai, ya yi raka'a biyu ya sallame. Na ɗauka mantuwa ce. Da na ga ya maimaita haka da La'asar ɗin wata ranar, sai na kira shi gefe na tambaye shi yaushe ya zo garin. Ya ce wata biyar ke nan. Na ce to kasaru na mene ne? Ya ce ai shi matafiyi ne, bizar da ke cikin fasfonsa ta kwana talatin ce, duk wata sai ya fita Macau an sabunta masa.

Na bayyana masa cewa shari'a ba ta duba fasfo a wannan babi, zuciya take dubawa. Wanda ya sauka a gari da niyyar kwana huɗu cikakku, hukuncin tafiya ya yanke daga kansa, ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa. Na tambaye shi ko yana da niyyar kwana huɗu a garin nan.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, har tukunya na saya."

Na ce to ya zama mazauni tun ranar da ya sauka, kuma sallolin da ya taƙaita shi kaɗai sai ya rama su. Wata uku ina ganinsa yana tsayawa bayan kowa ya watse, yana rama Azahar da La'asar da Isha'i ɗaya bayan ɗaya, har ranar da ya zo ya ce mini ya kammala. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa sauran labarin ya ginu.

A farkon sana'arsa a motar haya yake ɗauko naman, cikin bokitai biyu, kuma sau da yawa direbobi sukan ƙi ɗaukarsa saboda jinin da ke ɗiga. Da Allah ya hore masa, sai Lawban Liang ya haɗa shi da wani maƙwabcinsa mai sayar da babur ja. Kallamu ya saya, aka juya takardun da sunansa a can garin, ya kai wa mai walda ya ɗora masa ƙarfe a baya mai ɗaukar akwati biyu na kwano da yake zuba ƙanƙara a cikinsu. Ranar da ya kawo shi ƙasan benenmu, mu shida muka zagaye shi. Muka duba taya da birki da fitila, muka karɓi takardun muka jujjuya su alhali ba mai iya karanta ko harafi ɗaya a cikinmu, na yi addu'a aka shafa. Ba wanda ya kalli lambar. A gida babur mai lambar Kano yakan je Legas ya dawo, ba wanda zai ce masa don me, takardu kawai ake tambaya. Ƙasa ɗaya ce, tuta ɗaya, haka muka auna. Lambar birnin nan da harafin A take farawa, ta Kallamu kuwa da Y.

Ya fi shekara yana shiga yana fita lafiya. Naman yakan iso da sanyinsa, farfesun Hajiya Balkissa yakan nuna kafin Azahar, shi kuma ba ya rasa jam'i.

Wata safiya a tsakiyar bazara, lokacin da zafin garin nan yake haɗuwa da laima har riga ta manne wa mutum a baya, aka tsayar da shi a bakin gadar shiga birni. Wani ɗan sanda ya sara masa, ya nuna lambar, ya girgiza kai. Kallamu ya miƙa takardu. Ɗan sandan ya duba, ya mayar masa cikin ladabi, ya sake nuna lambar. Kallamu ya sake miƙa takardun. Haka suka yi ta yi, har aka tura babur ɗin gefe tare da wasu da dama masu irin lambarsa. Kafin ya sami wayar da zai kira, kafin a nemo mai jin Sinanci ya je, rana ta take, ƙanƙarar ta narke, naman akuya uku ya canja launi. Da hannunsa ya zubar da shi. Ya ce mini tun da ya fara fawa bai taɓa ambaton sunan Allah a kan dabba ba sa'annan ya jefar da namanta a kwandon shara, sai ranar.

Wanda ya je ya karɓo shi da babur ɗin shi ne Ilu, mutumin Maraɗi, ejan ɗin kaya, wanda ya yi karatu a ƙasar shekarun baya kuma Sinanci ya zauna a bakinsa. Da yake mutanen Maraɗi Katsinawa ne, akwai wasan Katsinawa da Haɗejawa a tsakaninsu, ba ya kiran Kallamu sai da Sarkin Fawa. Ilu ne ya fassara mana abin da ake ciki. Babura sun yi wa birnin yawa, an taƙaita shigowar masu lambar waje, kuma yanzu ake tsananta abin. Amma, in ji shi, akwai hanya biyu: ko mutum ya yi rajistar birni a matsayin mazauni, ko ya nemi takardar sassauci da ake ba baƙon da yake zaune a waje yana shigowa don sana'a.

Washegari muka tafi ofishin rajista mu uku. Na bi su ne saboda Kallamu ya ce idan an ga furfura za a sassauta. Ba a ga furfurar ba. Muka bi layin tagar mazauna tun safe har kusan Azahar. Ma'aikaciyar ta buɗe fasfon, ta ga bizar kwana talatin, ta ce wannan ai baƙo ne, kuma ko ɗan gari ma ba a ba shi sabuwar lambar babur yanzu. Ta nuna mana taga ta biyu. Kafin mu kai gabanta aka rufe don cin abinci. Muka dawo bayan kwana biyu. Ma'aikacin tagar baƙi ya nemi takardar da 'yan sanda ke ba kowane baƙo mai nuna masaukinsa. Kallamu ya fito da ita daga cikin leda. Mutumin ya karanta, ya ce wannan a Xiaobei yake kwana, cikin birni, sassaucin kuwa na wanda yake kwana a waje ne. Ya ture takardun ya ce, "Meyo." Kalmar ba ta buƙatar tafinta, duk wanda ya taɓa shiga shago a garin nan ya san tana nufin babu.

Sau huɗu muka koma cikin mako uku. Ban ga zalunci daga ma'aikatan ba, kowannensu abin da ke rubuce a gabansa yake karantawa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne taga biyun ba su fi taku goma a tsakaninsu ba, ta farko ta ce baƙo ne, ta biyu ta ce mazauni ne, kuma kowacce ta faɗi gaskiya. Na yi shekara talatin ina karantar da hukuncin matafiyi da na mazauni, ban taɓa cin karo da mutumin da aka hana shi hukuncin duka biyun a rana ɗaya ba.

Da muka fito a karo na huɗu, muka zauna a wani shagon shayi na Musulmi. A nan Ilu ya kawo mafitarsa. Ya ce Lawban Liang zai rubuta wasiƙa ya buga mata jan hatimi cewa Kallamu a garkensa yake zaune, a kai ta caji ofis na ƙauyen a sami sabuwar takardar masauki, Kallamu ya sa hannu a kan fom, shi ke nan. Ɗakinsa na Xiaobei kuwa ya ci gaba da kwana a cikinsa.

Ilu ya ce, "Sarkin Fawa, sa hannu ne kawai. Rabin masu baburan da kake gani suna shigowa haka suka yi."

Kallamu ya ce, "To a ina nake kwana?"

"A takarda, tare da awaki. Ai Bahaɗeje bai wuce nan ba."

Kallamu bai yi dariya ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Allah gafarta Malam, kai ka ce ni mazaunin garin nan ne. Wata uku ina ramuwa a kan haka. Yanzu in sa hannu in ce ni baƙo ne?"

Na ce ya ba ni kwana uku.

Allah ne shaida, na nemi ƙofa. Na koma kan abin da malamai suka faɗa game da magana mai fuska biyu da aka halatta wa wanda aka matsa wa. Na ce a raina ai mutumin nan kullum yana yin sa'a uku a garken, ko za a iya kiran wannan zama. Na sa Ilu ya karanta mini layin da ake sa hannu a ƙarƙashinsa, kalma bayan kalma, sau biyu. Layin ya ce wurin da mai babur yake kwana a kullum. Bai bar kafar da za a bi ba. Sa'annan ga wani abu da ya fi wannan nauyi: mun shigo ƙasar mutane da izininsu, sun amintar da mu a kan rayukanmu da dukiyoyinmu, wanda kuwa ya shiga da aminci ba ya halatta ya yaudari waɗanda suka amintar da shi. A rana ta uku na ce masa ban sami ƙofa ba. Na so a ce bai tambaye ni ba. Wannan ma na rubuta shi don kada in ɓoye.

Ilu ya yi fushi, ya ce shi ya cire hannunsa. Kallamu ya koma bokitai da motar haya, babur ɗin yana jingine a garken Liang. Naman da yake isowa da hantsi ya koma isowa bayan Azahar, wani lokaci ma direba ya sauke shi a rabin hanya. Masu cin abinci suka fara guna-guni, wasu suka koma shagunan taliya. Hajiya Balkissa ta tare ni a bakin matakala, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sa'annan ta ce, "Allah gafarta Malam, an ce kai ne ka hana mutane farfesu." Ta ƙara da cewa idan aka yi wata guda a haka, za ta koma sayen nama a shago kamar kowa, ba don tana so ba.

Bayan mako biyu, wata Asuba da muka idar, na ga Kallamu ya shigo da tabarmarsa a naɗe, da jakar wuƙaƙensa, da tukunyar nan.

Ya ce, "Malam, na yi niyyar kwana huɗu a garken Liang."

Na ce, "Huɗu kawai?"

"Cikakku. Da abin da ya biyo bayansu."

Ashe ya riga ya mayar wa mai gida makullin ɗakinsa. Liang ya share masa wani ɗan ɗaki kusa da rumbun ciyawa, mai rufin kwano, ƙofarsa tana kallon kududdufi. Na je na gani daga baya. Sauro kamar hayaƙi, maƙwabta suna kiwon alade, kuma idan iska ta juyo ba sai an gaya wa mutum ba. Ba kiran salla, ba wanda zai ce masa salamu alaikum. Da agogon hannu da inuwar rumbu yake gane lokaci. Ya ƙi zuwa caji ofis sai da ya cika kwana huɗun. A rana ta biyar ya roƙi Ilu ya raka shi, Ilu ya je yana mita, yana cewa bai taɓa ganin wanda ya tashi daga gidansa don ya gaskata takarda ba. Aka ba da sabuwar takardar masauki. Suka koma taga ta biyu, ma'aikacin nan ya karanta, ya buga hatimi, ya miƙo takardar sassauci ta wata uku. Kallamu ya sa hannu da yatsunsa tara a fili, ya sa takardar a leda ya rataya ta a wuya.

Wata ukun nan sun yi kyau ta fuskar nama. Yanzu ma ya fi sammako, domin daga shimfiɗarsa zuwa garke taku ashirin ne. Farfesu ya dawo, masu cin abinci suka dawo. Amma gurbinsa a sahun Magariba da Isha'i da Asuba ya zama wofi. Na gaya masa cewa a nisan da yake zaune yanzu Juma'a ma ba ta wajaba a kansa ba. Ya ce ya ji, kuma bai taɓa fashin ta ba.

Ana saura mako guda takardar ta ƙare, suka tafi da Ilu don sabuntawa. Suka tarar da taga ta biyu a rufe da katako, an manna mata wata farar takarda. Ilu ya karanta. An janye sassaucin gaba ɗaya, daga ƙarshen watan babu babur mai lambar waje da zai shiga birni, na baƙo ne ko na wane ne. Suka je taga ta farko ko za a ce wani abu dabam. Ma'aikaciyar ba ta ma buɗe fasfon ba.

Ilu ne ya kawo mini labarin, kuma bai tausasa ba. Ya ce da Sarkin Fawa ya sa hannu tun ranar farko, da ya sami makonni uku na ƙari, da kuma yau yana da ɗakinsa, ga shi yanzu waɗanda suka yi ƙarya da wanda ya yi gaskiya duk an tsayar da su a bakin gada ɗaya. Na ce masa ba daidai suke ba a wurin Allah. Ya ce bai musa ba, amma shi maganar ɗaki yake yi. Ɗakin kuwa tuni wasu 'yan Mali suka kama shi, domin a shekarar baƙi suna ta ƙaruwa a Xiaobei.

Da Kallamu ya zo Juma'a, na kama hannunsa a harabar masallaci na ce masa ya tattaro kayansa ya dawo, ɗakina zai ɗauke mu mu biyu, tunda dalilin ƙaurar ya gushe. Ya tambaye ni ko dawowar za ta buƙaci sabuwar takardar masauki. Na ce lalle za ta buƙata.

Ya ce, "To a bar ni wurin awakin, Malam. Na gaji da taga."

Har na bar garin a ƙarshen shekarar, ga yadda yake yi. Yakan yanka bayan Asuba, ya ɗora akwatunan a kan babur, ya tuƙo har wani shagon faci da ke dab da gada ta ɓangaren Nanhai, ya ɗaure babur ɗin da sarƙa a jikin turken shagon. Daga nan ya juye naman cikin bokitai biyu, ya rufe da ƙanƙara da buhu, ya tsaya jiran motar hayar da direbanta zai yarda. Hajiya Balkissa ta mayar da farfesunta na dare, ta rage akuya ɗaya. Ranar da zan tashi na bi ta gadar a kan hanyata ta zuwa yi masa sallama, na ga babur ɗin a ɗaure, mai faci ya jingina tsofaffin tayoyi a jikinsa. Shi kuwa ban same shi ba, ya riga ya sami mota.

Allah Ya saka masa da abin da ya fi babur, Ya yafe mini idan akwai ƙofar da na kasa gani.